Amsar Kawu kan tashar rediyo ta biki

Ga muryar da Kawu ya turo jiya da dare, na rubuta ta don waɗanda ba su samu saurare ba. Sakatare ne ya ga bidiyon wasu 'yan Saudiyya suna magana a rediyo ranar bikin ƙasarsu, shi ne ya tambaya ko mu ma za mu iya buɗe irin wannan tasha ranar cikar makarantarmu shekara 50, a watsa jawabai da waƙoƙi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanmu da dare. Sakatare, ɗana, na ga tambayarka tun bayan la'asar, nic ce sai na yi isha'i na zauna, don maganar tana da tsawo.

To, abin da kag gani ba gidan rediyo ba ne irin Rima. Rima ita ke magana, kai naka saurare. Wanga kuwa mutum biyu ne ke gaisawa, wannan shi faɗi, wancan shi amsa, kamar oba-oba, sai dai oba-oba ce da ke ƙetare teku. Rediyon 'yan sha'awa ke nan. Mutane ne masu lasisi, kowa da na'urarshi a ɗaki, ba don kuɗi suke yi ba. Dokar abin ta hana kiɗa, ta hana talla, ta hana ka tsaya kana watsa shiri ga jama'a. Saboda haka jawabin uban taro da waƙar makaranta, ku kai su Rima ko ku sa a Facebook. Amma kada ka ce na kashe maka magana, don abin da ke cikin wanga ya fi abin da kat tambaya daɗi.

Kowane mai lasisi shina da lambar kira, kuma farkon lambar shi ke nuna ƙasarshi. Mu Nijeriya 5N. Ka ƙetare Illela ka shiga Ƙonni, 5U ce. Gana 9G, Saudiyya HZ. To in wani babban abu ya taso, sai hukuma ta ba su lamba ta musamman ta 'yan kwanaki, wadda ke ɗauke da bikin a jikinta. Mutanen Saudiyya, lokacin bikin ranar ƙasarsu karo na 90, ran 23 ga Satumba 2020, HZ90ND sunka hau iska da ita. Ƙatar ta yi A722FWC lokacin gasar kofin duniya ta 2022. Ingila kuwa, a wasannin Olamfik na 2012, sun yi 2O12L, kuma ka duba da kyau, ba sifili ba ne a tsakiya, harafin O ne, don lambar ta dace da jerin lambobin da anka ware wa ƙasarsu kuma ido shi karanta shekarar. Biki na ƙarewa, lamba ta koma. Shi ya sa ake rububinta, don wanda bai same ta cikin kwanakin ba, ta wuce shi ke nan.

Bari in faɗa maka yadda nike jin su. Ina da wata tsohuwar rediyo mai gajeren zango tun ina aiki. Makon farko na Yuli, kowace shekara, Amurkawa na buɗe tasha 13, daga K2A har K2M, ɗaya ga kowace jiha cikin 13 ɗin da sunka ayyana 'yancin kai a 1776. Sai in hau soro bayan isha'i, in dai babu hadari, in shimfiɗa tabarma, in ɗaura waya jikin eriya, in nemi zangon mita 20, wajen megahaz 14. Da farko shuuu kawai za ka ji. Kana murɗawa a hankali, a hankali, sai murya ta fito daga ƙasa kamar mai magana cikin rijiya, shina cewa "CQ, CQ", wato duk mai ji na shi amsa. Shina yin shiru sai ka ji duniya ta rufto mishi, kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa na faɗin lambarshi lokaci guda. Shi kuwa sai shi tsamo guda, shi maimaita lambar, shi ce mishi 59. Biyar na nufin ina fahimtar maganarka sarai, tara na nufin ta zo da ƙarfi. Wancan shi mayar, su ce wa juna 73, wato sai an jima tare da fatan alheri. Ba su cika minti guda ba. Shi rubuta a littafi, da lamba da zango da lokaci, kuma da agogon duniya ake rubutawa, wanda namu ya ɗara da awa guda. Wallahi akwai daren da nij ji sanyin asuba ya fara sauka ban san dare ya yi haka ba.

Sai ka ce, Kawu, duk wanga wahala don gaisuwar minti guda? Ɗana, mu ne fa mutanen gaisuwa. Wa yat tashi a garin ga bai san katin zaɓen gaisuwa na rediyo ba? Muna yara, mutum shi sayi kati, shi jera sunayen abokai, shi aika gidan rediyo, shi yi mako shina jiran a karanta. Mun rubuta wa BBC, mun rubuta wa Jamus. To abin guda ne, sai dai nan kai ne da kanka ke miƙa gaisuwar, kuma a amsa maka nan take.

Kuma bayan gaisuwa akwai kati, shi ake ce wa QSL. Duk wanda yay yi magana da tashar biki, ana aika mishi da kati na shaida. Gaba hoto, baya tarihin abin da ake biki a kai, da ranar da kunka gaisa. Har mai saurare irina in ya rubuta abin da yaj ji daidai ya aika, wasu na ba shi. Mutum shi manna a bango, jikanshi shi zo shi tambaye shi, nan ina ne? A nan zuciyata take a maganar ga.

Don ka ga, a 2004 anka yi bikin cika shekara 200 da kafa Daular Usmaniyya ta Sakkwato. Garin ga ya cika maƙil, sarakuna, malamai, baƙi daga ƙasashe, dawaki ko'ina. Ni kuwa da dare na kunna rediyona na bi zangon nan kaf, ina jin Turai, ina jin Amurka ta Kudu, ban ji Sakkwato ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Mutane na buɗe tasha don fitilar bakin teku, wallahi, akwai ƙarshen mako guda cikin Agusta da ake ware musu. Akwai masu yi don ranar haihuwar Markoni cikin Afrilu, mutumin da anka aika wa harafin S daga Ingila yaj ji shi a ƙetaren Atlantika a 1901. Ƙauye shi yi don ranar kasuwarshi ta shekara. Mu kuwa da Hubbaren Shehu, da Degel, da Gudu, da Tabkin Kwatto, mun yi shiru. Garin da Muhammadu Bello yag gina a 1809, garin da wasiƙa ke fita daga gidan Waziri ta tafi har Adamawa bisa doki, garin da Nana Asma'u ke tura jajis, wato mata malamai, ƙauye-ƙauye da karatu. Aika saƙo nesa gadonmu ne. Ka yi tunanin kati mai hoton ƙofar makarantarmu, baya an rubuta layi biyar kan Sakkwato, shina rataye a ɗakin wani a Japan ko Birazil. Kuma kada ka yi zaton ba za a amsa muna ba. Masu 5N kaɗan ne a iska, saboda haka duk lokacin da ɗaya yaf fito, layi ake yi mishi.

Kayan aiki ba su ne abin tsoro ba. Na'ura mai wat 100, batirin mota mai bolt 12, sola guda, shi ke nan, ko an ɗauke wuta ba ruwanka. Eriyar zangon mita 20 waya ce mai tsawon kusan mita 10, a raba ta tsakiya, biyar nan biyar can, a ɗaure tsakanin dogon yaro biyu, ai filin makaranta ba ya rasa su. Muryar ba tauraron ɗan'adam take bi ba, ba intanet ba. Can sama akwai wani shimfiɗi na iska da rana ke cajawa, saƙo shi hau shi buge shi, shi dawo ƙasa da nisan dubban kilomita, shi sake tashi. Shi ya sa zangon da yab buɗe da yamma kan iya rufewa tsakar dare. Da damina tsawa na cika kunne da ƙara, kuma ana ganin hadari a cire waya. Da hunturu ƙura na tara wa waya wuta har ta ɗan tsunkule ka, sai an yi mata hanyar ƙasa.

Abin da babu shi ne mutum. Lambar biki ba a ba ƙungiya haka kawai, sai ta hannun mai lasisi. Kuma ina roƙonku don Allah, ku matasa, kada wani shi ji maganata shi tafi kasuwa shi sayo oba-oba shi fara kira. Kun san halin da yankinmu ke ciki. Jami'in tsaro shi gan ka da eriya da na'ura ba takarda, ba za shi tsaya jin tarihin Markoni ba, kuma ba za ka ga laifinshi ba. A bi ta ƙofa. Akwai ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta ƙasa, NARS. Sakatare, ka rubuta musu da sunan ƙungiyarmu, ka ce muna da biki, muna son mai lasisi shi zo da kayanshi shi yi muna kwana biyu, mu ɗauki masauki da abinci da buga kati. Su za su nuna hanyar neman lambar wurin hukuma. A fara da wuri, takarda ba ta son gaggawa. In an samu, a sanar da jami'an tsaro a rubuce kafin a ɗaga ko waya guda.

Ni kuma abin da nike so a ranar, a kafa rumfar inda ɗalibai za su kewaye ta, maza da mata. A kafa taswirar duniya, duk ƙasar da ta amsa yaro shi soka mata allura. 'Yan sikawut na duniya suna yin irin haka duk shekara tun 1958, yanzu cikin Oktoba, yara na gaisawa da yara a gaban mai lasisi. Cikin yaran ga namu in biyu ko uku sunka kamu da son abin, sunka yi karatu sunka samu lasisi, to biki na gaba ba mu da buƙatar aro. Kuma ku gaya musu abin ba na ƙananan mutane ba ne. Marigayi Sarki Husaini na Jodan shina ciki, lambarshi JY1, talaka na kiran shi daga ɗakinshi shi amsa.

Saurare kuwa ba ya son lasisi. Sai dai rediyon ta zama mai SSB, wato mai iya kama irin tsarin muryar da 'yan sha'awa ke aikawa, in ba haka ba za ka ji su kamar agwagi na faɗa. Tawa tana da shi. Duk mai so shi zo gida ran Asabar bayan la'asar, lokacin zangon Turai na buɗewa. Sakatare, ka taho da malamin kimiyya na makarantar in shina gari, da littafi da biro, in nuna muku yadda ake rubuta lambobin. Ku gaida gida. Wassalamu alaikum.