Gawon gonar gado: amsar Baffa

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya same ni. Ka ce tun da aka raba gado gonar gabas ta faɗo a kasonka kake tunanin sare manyan itatuwan gawon da ke cikinta, ka sayar wa masu itace, tarakta ta samu wurin juyawa. Ka ce da ka yi wa mahaifiyarka maganar sai ta ɗora hannu a ka, wai ba a saran gawo, akwai mutanen ɓoye a ciki, kuma marigayi Yaya, mahaifinka, bai taɓa bari an sa masa gatari ba. Kana so ka ji ko al'ada ce mai tushe ko camfi ne kawai. Ka kuma tambaya, in dai gonar taka ce, don me makiyaya za su riƙa shigowa da rani suna kwasar 'ya'yan gawon ba sallama.

Bari in fara da aljanun, don maganarsu ba ta da tsawo. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, amma babu ayar da ta ba su gawo ya zama gidansu. Wannan zance ragowar zamanin Maguzanci ne da bori, lokacin da kowane babban itace, tsamiya ne ko kuka ko gawo, ake ba shi iskarsa. Musulunci ya zo ya zauna, tsafin ya tafi, tsoron ya rage a bakin mata da yara. Manya kuma ba su damu su kore shi ba, domin yana yi musu aiki. Yaron da aka aika itace da gatari a kafaɗa ba zai tsaya sauraron bayanin taki ba, amma ka ce masa akwai mai itacen a ciki, ko kusa ba zai je ba. Mahaifinka ba don tsoron iska ya hana ba. Na yi noma da shi kafaɗa da kafaɗa tun muna bin bayan kakanka da 'yar fartanya, na san dalilinsa. Sai dai ka bi mahaifiyarka a hankali, kada ka je kana yi mata wa'azin camfi. Dalilinta ne ya karkace, hukuncinta daidai yake.

Kai da ka yi boko, ka tsaya ka dubi itacen nan da kyau. Yawancin itatuwan da ke dajinmu da damina suke ganye, da rani su kaɗe. Gawo shi kaɗai ya juya lissafin. Ruwan fari na sauka zai fara zubar da ganye, ya tsaya fayau da rassa farare-farare kamar ya mutu, har damina ta wuce. Sai kaka ta yi, ana yankan gero, ka ga ya fara tofo. Daga nan ya yi fure, zara-zara masu ruwan madara da ƙanshi, ƙudan zuma su yi ta kai da kawo a lokacin da fure ya yi ƙaranci a daji, shi ya sa masu amya ke son rataya ta a kansa. Cikin hunturu zuwa farkon bazara, wajen Janairu zuwa Maris, 'ya'yan su nuna, su yi ja-ja, a murɗe, su fara faɗowa. Abin da ya ba shi wannan dama saiwarsa ce. Tana nutsawa ƙasa kai tsaye, mita ashirin ko fiye a inda ruwa ke da nisa, har ta tarar da ruwan da masu haƙar rijiya ke nema. Ke nan ba ya rabon ruwan sama da geronka, ba ya kuma tare masa rana a lokacin da yake bukatarta.

Masana tsirrai suna kiransa Faidherbia albida, kuma sun sa shi gida ɗaya da wake da gyaɗa. Ka tuna 'yan ƙulle-ƙullen nan da kake gani a saiwar gyaɗa in an tuge ta? Gawo ma yana yin irinsu, musamman yana ƙarami. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da kake biyan kuɗi ka saya a buhun yuriya. Ganyen da ya tara duk tsawon rani kuwa, sai ya zube shi daidai lokacin shuka, ƙanana ne, ruwa biyu uku sun ruɓe sun shige ƙasa. Ƙara da wannan, duk rani shi ne inuwar da ta rage a fili, don haka shanu da tumaki da awaki a gindinsa suke wuni, suna cin 'ya'yansa, suna kashi, suna fitsari. Ni a ganina wannan na biyun ma ya kusa fin na farkon. Tun shekarun 1960 masu bincike a Bambey ta ƙasar Senegal suka auna geron gindin gawo da na fili, suka tarar na gindin ya ninka ɗayan har da ɗoriya. Kakanka bai je Senegal ba, dammansa kawai yake ƙirgawa. Gani ya kori ji: ka zo cikin watan Agusta ka tsaya daga bakin gonar, za ka ga zobe na gero baƙi-ƙirin, mai kaurin kara, ya kewaye kowane gawo, sauran gonar kuwa ta yi ɗorawa-ɗorawa tana jiran takin zamani.

Kada ka haɗa shi da 'yan'uwansa masu ƙaya. Bagaruwa da farar ƙaya da dushe da dakwara duk danginsa ne, kowanne da amfaninsa: majema ba sa jima sai da 'ya'yan bagaruwa, dakwara ita ke ba da ƙaron da ake fitarwa ƙasashen waje. Amma dukkansu da damina suke ganye, inuwarsu tana danne shuka, shi ya sa wurinsu bakin fadama ne ko shinge ko makiyaya. Darbejiya da turare da aka kawo mana daga baya, a tsakiyar gona ɓarna ce, ka ga abin da ke fitowa a gindinsu ka gaya mini. Gawo ne kawai manomi ke so ya tsaya masa a tsakiyar kunya. Ƙayarsa fara ce, miƙaƙƙiya, biyu-biyu a gindin ganye, ta soke ni ba adadi, ban taɓa jin haushinta ba.

Hanin nan kuma ba na gidanmu ba ne kaɗai. Daga nan ka bi ta Maigatari ka tsallaka iyaka, ƙasar Damagaram ce, kuma har yau tsofaffinsu na ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, cewa ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, hukuncinta na iya kai wa ga ran mutum. Sarkin da ke da mayaƙa da dawaki da zai ciyar bai kafa wannan doka don aljanu ba. A namu ɓangaren, tun zamanin En'e malaman daji ke kama mai sara ba izini, kuma har gobe ba ka da ikon kayar da babban itace, ko a gonarka yake, sai ka nemi izinin hukuma. Ka sa wannan a lissafinka kafin mai injin yanka ya ba ka kuɗin kafin alƙalami.

Yanzu maganar makiyaya, wadda na ga ita ta fi ci maka rai. Ga yadda muka tarar. Itace na mai gona ne, yana bin gonar in an sayar, yana bin ta in an raba gado. Wanda aka ba aron gona, ko ya karɓe ta jingina, yana da abin da ya shuka, amma ba shi da ikon saran itacen da ya tarar. Wanda ya tsaya a kan iyaka na maƙwabtan biyu ne, babu mai taɓa shi sai da yardar ɗayan. To amma da zarar an kwashe amfani, an ɗaure kara, an ɗebe harawa, gona ta zama ta dabbobi har ruwa ya sauka. Abin da ya faɗo ƙasa da kansa na bakin da ya riga ne, akuyar talaka ko saniyar Bafulatani. Malamanmu kan jawo hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, da kuma wanda ke cikin Bukhari da Muslim, cewa babu Musulmin da zai dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka. Ban da lada ma, ciniki ne. A da har roƙon Fulani ake yi su sauka a gona, a ba su dammen gero ko dawa, don garken ya kwana a wurin ya bar taki. Gawo shi ke kira maka su kyauta.

Akwai ma abin da ba kowa ya lura da shi ba. Ƙwayar gawo tauri gare ta, in ta faɗi ƙasa haka nan sai ta daɗe ba ta tsira ba, ƙwari su huda ta. Amma in ta bi ta cikin saniya ko akuya, ɓawon ya yi laushi, ta fito cikin kashi, ruwa na sauka ta tsiro da takinta a gindi. Itatuwan da kake son sarewa, babu wanda ya dasa su da hannu. Shanun kakannin waɗannan makiyayan ne suka shuka maka su.

Inda al'ada ta ja layi shi ne hawa da sara. Tsintar abin da ya faɗo halal ne. Sa gora mai ƙugiya a kakkaɓe ɗanye, ko a cika buhuna a kai kasuwa, wannan sai da izinin mai gona, balle yanzu da 'ya'yan gawo suka zama kuɗi, masu turkar ragunan layya na saye, ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis da rani ka gani. Hawa da adda a daddatse rassa don shanu su ci ganye kuwa, shi ne babban laifin, kuma a nan ina bayanka. Gawon da aka yi wa mummunan aski sai ya yi shekaru bai ba da 'ya'ya na kirki ba, in aka maimaita a kai a kai ya bushe. A farin 1973 da na 1984 mun kawar da kai, domin dabbobi na faɗuwa, ganyen gawo ne ya tsayar da ragowar da aka samu, wa zai hana? Amma abin da aka yi don lalura bai zama doka ba. In ka tarar an yi maka haka, kada ka yi faɗa a daji, kada ka tura yara. Ka je wa mai unguwa, shi zai kira arɗo, a zauna. Yawancin masu wannan ɓarna yara ne baƙi masu wucewa, Fulanin da muke zaune da su sun san ƙa'ida sarai.

Kuɗin da masu itace suka yi maka tayi, na san da yawa ne a ido, tun da man fetur da gas suka yi tsada kowa ya koma itace da gawayi. Sai dai ka sani gawo ba itacen katako ba ne na a zo a gani. Ba shi da taurin ƙirya, gara da ƙwaro na cinsa da wuri. Ana sassaƙa turmi da kwamin shayar da dabbobi da shi in ya faɗi da kansa, ana jiƙa sassaƙen ɓawonsa don tari da gudawa, shi ke nan. A tsaye yake da daraja. Kuɗin zai ƙare kafin a yi sallah biyu, kai kuwa kowace damina sai ka sayi buhunan da itatuwan ke ba ka ba ko sisi, ga iskar bazara da za ta samu fili ta kwashe maka saman ƙasa, ta binne shuka da yashi. Yashin arewacin Jigawa ba ya yafe wa gonar da aka tsiraita.

Ni abin da ya fi damuna ma ba manyan ba ne, rashin ƙanana ne. Ka zagaya gonakin garin nan, tsofaffin gawo za ka gani, 'yan matasa sai ɗai-ɗai. Garmar shanu da tarakta suna tuge su tun suna tsiro, mai sassabe ya bi da wuta. Mutanen Maraɗi sun riga mu farga. Tun wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma cewa kututturan da ke tofo a gona ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. A maimakon a sassabe duka, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a rage sauran. Suna ce masa sassaben zamani, kuma da shi aka mayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Kakanka haka yake yi, ba suna ya ba abin ba. Ƙaramin gawo yakan yi shekarun farko yana baje a ƙasa, duk ƙaya, kamar ba ya girma, ashe saiwa yake turawa. In ka tsayar masa da kai ɗaya, ka ɗaure masa tsumma don mai huɗa ya gani, ka kare shi daga awaki, sai ka ga ya miƙe.

Game da tarakta, tazarar da ke tsakanin itatuwan gonar nan ta isa mota ta wuce, direban ne ba ya son juye-juye don ya gama da wuri ya tafi wata gonar. A rage rassan ƙasa masu taɓa kan motar, a yi yankan da zarto ko adda mai kaifi, a yi shi dab da saukar ruwa bayan 'ya'yan sun gama zuba, ganyen a ba dabbobin gida, ƙayar a kai shingen lambu. Abin da ya rage a gindi, garmar shanu ta ƙarasa. Guda ɗayan nan na kusurwar kudu da ya rube a ciki, wanda tsawa ta taɓa tsagawa, shi kam ban hana ka ba, don wata rana zai faɗo wa wani. Amma ka fara sanar da maƙwabcinka tunda rassansa sun leƙa gonarsa, ka karɓi takarda wurin malamin daji, kututturen kuma a bar shi a ƙasa ko zai tofo. In ka sa ranar zuwa ka sanar da ni, in sa ƙannenka su nemo mai zarto, mu zagaya tare in nuna maka ƙananan da za a ɗaura wa tsumma kafin huɗa. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Baffanka