Amsa ga mai tambayar wace jaruma ce ta dace da rol ɗin Zatanna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya wace jaruma ce ta fi dacewa ta fito a matsayin Zatanna in kamfanin DC, mai littattafan zane na Amurka, ya tashi yin fim ɗinta, ka ajiye mana hotuna biyu, na Alexandra Daddario da na Ana de Armas, ka ce mu zaɓa. Na ga yawancin masu amsawa sun karkata ga Daddario, hujjarsu kuma ɗaya ce: baƙin gashi da shuɗin ido, kamar an ciro ta daga shafin littafin. Ni ban bi bayansu ba. Ka yi haƙuri da tsawon rubutun, don na daɗe ina karanta littattafan zanen nan, kuma na yi shekaru a ƙungiyar wasan daɓe inda zaɓen 'yan wasa yake cikin aikina.

Bari mu fara da ita kanta Zatannar, saboda da yawa hotonta kawai suka sani. Gardner Fox da Murphy Anderson ne suka ƙirƙiro ta a 1964, ta fara bayyana a mujallar Hawkman fitowa ta 4, tana yawon neman mahaifinta da ya ɓace. Mahaifin nata, Giovanni Zatara, tsohon hannu ne, domin a 1938 ya fara fitowa, a cikin mujallar da Superman ya fara fitowa. Abin da ya raba ta da sauran matsafan labaran nan shi ne sana'arta. 'Yar dabo ce mai hawa dandamali, ana sayen tikiti a zo kallonta, tana ciro zomo daga hula ana tafi, alhali a ƙarƙashin wannan rufa-idon tana da sihiri na gaske wanda zai iya juya gari. Kuma sihirin nata a baki yake. Sai ta furta abin da take so, tana juya kowace kalma daga ƙarshe zuwa farko, sannan ya auku.

Ka gwada da kanka yanzu. Ɗauki "buɗe ƙofa", ka juya kowace kalma: "eɗub afoƙ". Ɗauki "tashi sama": "ihsat amas". Faɗe su da ƙarfi, kana nuna bango da yatsa, ka ga ko na kusa da kai ba zai tuntsire da dariya ba. Duk wanda ya yi zaurance yana yaro ya san cewa iya juya harshen ba shi ne wahalar ba, wahalar ita ce ka yi shi da sauri, fuskarka a ɗaure, har mai sauraro ya ji kamar yare ne na gaske. To wannan shi ne aikin da za a ɗora wa jarumar daga farkon fim zuwa ƙarshensa: a lokacin faɗa, a lokacin kuka, a lokacin da abokinta ke kwance cikin jini. In muryarta ba ta da nauyi, in ta ji kunyar kalmomin ko da ƙanƙani, fim ɗin ya mutu, ko idonta ya kai teku shuɗi.

Na ga irin wannan da idona. Mun taɓa shirya wasa mai rol ɗin bokanya, muka kira gwaji a wani aji, muka ture bencina gefe. Akwai yarinyar da kowa ya riga ya ba rol ɗin a zuciyarsa tun kafin ta buɗe baki, doguwa, mai kwarjini, in ta yafa jan ƙyallen sai ka ce don ita aka yanko shi. Da ta fara surkullen, muryarta ba ta wuce benci na uku ba, tana yi tana satar kallonmu, hannayenta na neman wurin ɓuya. Daga baya wata 'yar gajeriya ta shigo, wadda ta zo ne don rol ɗin 'yar aike. Muka miƙa mata takardar. Ta karanta a zuci, ta ajiye, ta tsuguna, ta shiga zana ƙasa da ɗan yatsa a hankali ba ta ce uffan ba, har sai da masu hira a bakin taga suka yi tsit. Sannan ta ɗago ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma na bayan aji ya ji kowane harafi. Ita muka ba, kuma ranar wasan akwai yaran da suka ƙanƙame iyayensu.

Masu fim a Amurka ma sun bi ta wannan hanyar, sun ci riba sun kuma yi asara. Dubi Elizabeth Olsen. Lokacin da kamfanin Marvel suka ɗauke ta ta zama matsafiyar nan mai suna Wanda, wadda ta fito sosai a Avengers: Age of Ultron a 2015, an fi saninta da ƙananan fina-finai masu nauyin labari, kuma ta yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar New York, har ta je Mosko ta ƙaro. Jan hasken nan da kake gani yana fita daga tafinta, babu shi a lokeshan. Tana tsaye ne gaban koren labule tana murza iska, sai bayan watanni masu kwamfuta su zana wutar. Shi ya sa aka haɗa ta da mai koyar da rawa, Jennifer White, suka zauna suka tsara yadda kowane yatsa zai lanƙwashe. Ka koma ka kalle ta ka kashe sauti, ka dubi hannun kawai. Za ka ga kamar tana jan abu mai nauyi wanda ke neman kufce mata. Wannan horo ne, kuma shi ya sa da aka ba ta fili a WandaVision a 2021 ta riƙe shirin har aka sa sunanta a takarar Emmy.

Ga kuma Cara Delevingne da ta fito a matsafiya Enchantress a Suicide Squad na 2016. Ta fito daga harkar tallan kayan sawa, kyamara na son fuskarta, kuma a farkon fim ɗin, inda take baƙa wuluk kamar an tono ta daga kabari, ta ba da tsoro. Amma daga tsakiya aka tsayar da ita wuri guda tana karkaɗa jiki a gaban wani haske, aka lulluɓe ta da aikin kwamfuta, ba a ba ta abin yi ba. Ba na ɗora mata laifin duka, rabin matsalar daga rubutun labarin take. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 700, duk da haka in ana lissafa abin da ya lalace a cikinsa, da matsafiyar ake farawa. Darasin da na ɗauka shi ne, in rubutu ya yi rauni, 'yar wasan da ta goge tana iya ƙirƙiro wani abu da jikinta da muryarta ta toshe ɓarakar, wadda aka ɗauka don sura kuwa babu inda za ta dafa.

Kathryn Hahn, wadda ta fito a matsafiya Agatha Harkness a WandaVision, ita ma misali ce. A littafi Agatha Harkness tsohuwa ce tukuf mai furfura, Hahn ba ta yi kama da ita ta ko'ina ba, kuma an fi saninta da barkwanci. Sai ga shi ta ƙwace shirin, har aka yi mata nata na kanta a 2024. Barkwancin ne ya taimake ta, don mai ba da dariya ya san daƙiƙar da zai yi shiru da daƙiƙar da zai saki magana, kuma ɗan dabo da wannan ilimin yake cin abinci.

Kada ka ɗauka ina cewa kamanni da asali ba su da wani amfani. Da aka ba Tilda Swinton rol ɗin Ancient One a Doctor Strange na 2016, alhali a littafi dattijo ne ɗan yankin Tibet, mutane sun yi ca, kuma shugaban Marvel Studios, Kevin Feige, ya amsa a 2021 cewa ba su kyauta ba. Ta yi wasa mai kyau, amma an ɗauke wa wasu gurbinsu. Na Zatanna da sauƙi, mahaifinta jinin Italiya ne, kuma ba za a rasa jarumai masu wannan tushen ba.

Yanzu ga su biyun da ka kawo. Daddario ta riga ta yi rol ɗin mai sihiri a shirin Mayfair Witches da aka fara a 2023, don haka ba sai mun yi hasashe ba, mun gani. Ƙarfinta yana wajen mace mai firgici, wadda ke gano wani abu a jikinta da ba ta fahimta ba, idanu a zare. Ta iya wannan sosai. Amma Zatanna ba ta taɓa zama baƙuwa a gidan sihiri ba, a cikinsa aka haife ta, a bayan labulen dandamali ta yi rarrafe. Tana shigowa ɗaki ne kamar ita ta biya kuɗin hayarsa, ta tsokani Batman a gaban mutane ta kwana lafiya. Ban taɓa ganin wannan isar a wasan Daddario ba.

Ana de Armas ta fi kusa, kuma akwai abin da masu kushe ta kan harshe ba su lura da shi ba. Haifaffiyar Kuba ce, da Sifaniyanci ta tashi, kuma ta sha faɗa cewa a fina-finanta na farko na Turanci haddace sautin kalmomin take yi. Wadda ta saba zuba rai a cikin sautin da bai zauna mata a baki ba, juyayyar magana ba za ta kayar da ita ba. 'Yan mintocin da ta yi a No Time to Die a 2021 sun nuna tana da wasa da raha. In dole sai cikin biyun nan, ita zan ba. Inda nake ɗari-ɗari shi ne, wasanta na kusa da kyamara ne, a ido da rawar leɓe yake, ban tabbata za ta cika babban zaure da murya ba.

Wadda nake so ba ta cikin hotunanka: Monica Barbaro. An haife ta a 1990, mahaifinta jinin Italiya ne, kuma rawar bale ta karanta a Jami'ar New York kafin ta shiga fim, wato hannu da tsayuwa da takun dandamali duk ta zo da su daga gida. Da aka ba ta rol ɗin mawaƙiya Joan Baez a A Complete Unknown na 2024, sai da ta koyi waƙa da kaɗa jita, ta tsaya gaban taro ta rera da muryarta, har aka sa ta a takarar Oscar. Wannan ya nuna min abu biyu: tana iya riƙe taro ita kaɗai, kuma in aka ce ta zauna wata shida da gwanin dabo tana koyon juya kati da ɓatar da tsabar kuɗi a tafi, za ta zauna. Ina son dabon dandamalin ya zama na gaske, a ɗauke shi ba yanka, don mai kallo ya bambance shi da sihirin da kwamfuta za ta zana. Rachel Brosnahan ma irin wannan ce, bayan shekarun da ta yi tana wasan mace mai barkwanci a dandamali, sai dai DC sun riga sun ba ta rol ɗin Lois Lane, masoyiyar Superman, a fim ɗin Superman na 2025.

Shekarun ma sun yi daidai. Wasu na son a ɗauko 'yar ashirin saboda sun saba da Zatannar shirin zane na Young Justice, inda take budurwa. Ni ta littafi nake so, sa'ar Batman, wadda ta san shi tun yana koyon kwance ankwa a wajen mahaifinta, kamar yadda aka nuna a shirin zanen Batman a 1993. Wannan macen tana ɗauke da kaya. Mahaifinta ya mutu a 1986 a labarin Swamp Thing, ya ƙone a zaune a teburin da take, don ya kare ta. A labarin Identity Crisis na 2004 an tona cewa ta taɓa goge tunanin wani mugu, da Batman ya kama su yana ƙoƙarin hanawa, ta share masa minti goma daga ƙwaƙwalwarsa. Amanar da ta ci ke nan, kuma ta daɗe tana bin ta. Murmushin dandamalin a kan wannan yake zaune, kuma sai wadda ta ɗan ga duniya za ta iya nuna duka biyun a fuska ɗaya.

Da ni ne mai gwajin, sin ɗaya zan ba kowace. Akwai labarin da Paul Dini ya rubuta a 2007 inda Joker ya harbe ta a maƙogwaro, ya jefa ta cikin tankin ruwa, don ya san in babu murya babu sihiri. Tana nutsewa, ta dangwali jininta ta rubuta kalmomin warkarwa a juye. Babu magana ko ɗaya a wurin, babu doguwar hula, babu safar ragar nan da masu haɗa hotuna suka fi damuwa da ita. Sai in ce wa jarumar: fara min da gaishe da 'yan kallo cikin fara'a, ki yi dabo ɗaya, sannan ki faɗi ƙasa ki yi min wannan. Wadda ta sa na tafa a minti na farko, na riƙe numfashi a na uku, ita ce.

Sai dai kada ka sa rai da wuri. Serinda Swan ta fito a rol ɗin a shirin Smallville tun 2009, amma a babban fim har yau shiru. Guillermo del Toro ya yi shekaru yana ƙoƙarin haɗa fim ɗin ƙungiyar matsafan DC, abin bai yiwu ba. A 2021 aka ba Emerald Fennell aikin rubuta fim ɗin Zatanna, a shekarar da ta ci Oscar na rubutun labari, daga baya ita da kanta ta ce maganar ta sha ruwa. James Gunn, wanda ke jan ragamar DC Studios tare da Peter Safran tun ƙarshen 2022, ya sha nanata cewa ba ya fara fim sai rubutu ya kammala. A wannan ina tare da shi, domin ko Barbaron aka ɗauko aka tsayar gaban koren labule ba labari, abin da ya sami Delevingne ne zai same ta. In kuma lokacin ya zo ba ta samu ba, shawarata su bar jerin sunayen da ke yawo a intanet, su shiga gidajen wasan daɓe na New York da Landan, su zauna a kujerar ƙarshe, su ga muryar wa ke isowa wurin.