Tambaya da Amsa: Yadda Sabon Shiga Zai Rayu a Wasan Minecraft

Wasiƙun wannan makon sun fi karkata ga Minecraft, wasan gini da bulo wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009. Yawancin masu tambayar a waya suke bugawa, wato nau'in Bedrock, wasu kaɗan kuma a kwamfuta, nau'in Java. Inda nau'ukan biyu suka sha bamban za mu faɗa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sau biyar ina buɗe sabuwar duniya, kuma ban taɓa ganin safiya ta biyu ba. Da dare ya yi sai dodanni su rufar mini. Me ya kamata in yi tun farko? Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalarka ta lissafin lokaci ce. Yini da dare a wasan minti 20 ne cif, kuma wajen minti 10 ne kawai kake da hasken rana. Wanda ya ɓata su wajen yawon kallon duwatsu da koguna, duhu zai same shi hannu rabbana.

Da zarar ka faɗo, nufi bishiya mafi kusa ka dinga dukan gindinta da hannu har ka tara gungume 12. Kowane gungume yana ba da katako 4. Ka ware gungume 3 kada ka mai da su katako, amfaninsu na nan tafe. Katako 4 su ne teburin haɗa kaya. Katako 2, ɗaya bisa ɗaya, suna ba da sanda 4. A kan teburin ka jera katako 3 a layin sama, sanda 2 a tsakiya suna saukowa, ka samu diga ta katako. Kada ka ƙera gatari ko takobin katako, asarar itace ce. Digar katako aiki 59 take yi ta karye, ta dutse kuwa 131, don haka aikinta ɗaya ne: ta kai ka ga dutse.

Nemi gefen tsauni, ko ka tona ƙasa kaɗan har ka ga dutse mai launin toka, ka fasa guda 20. Uku na diga, biyu na takobi, uku na gatari, takwas na murhu, wanda ake jera su zagaye a bar tsakiya fayau. In ka tashi tafiya ka fasa teburinka ka tafi da abinka.

Sai tumaki. Gado yana cin gashin tunkiya 3 masu launi ɗaya da katako 3. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: fari biyu da baƙi ɗaya ba sa yin gado. Naman da ka samu ka adana.

Saura fitila, wato sandar nan mai wuta a kai. Kwal ɗaya da sanda ɗaya suna ba da fitila 4. In ba ka ga kwal ba, dutsen nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, kada ka tsaya nema. Ɗauko gungumen nan 3 ka sa a gurbin sama na murhu, katako 2 a gurbin ƙasa. Cikin daƙiƙa 30 za ka kwashi gawayi 3, wato fitila 12, kuma gawayi da kwal duk ɗaya ne a wannan aiki.

Daren farko ba na gina gida ba ne. Fafe ɗan ɗaki a jikin tsauni, toshe ƙofar da bulo, kafa fitila, shimfiɗa gado, ka kwanta. Nan take gari zai waye, kuma daga ranar in ka mutu, a gefen gadon za ka farfaɗo. In wasan ya hana ka barci, akwai dodo a cikin tazarar bulo 8 daga gadon. Idan kuwa rana ta faɗi ba ka da komai, tona rami bulo 3 ƙasa, ka rufe saman kanka da bulon ƙasa, ka jira. Daren wajen minti 7 ne.

TAMBAYA: Zukatana ba sa cika bayan an ji mini rauni, kuma wani lokaci gudu ma sai ya gagara. Ko wayata ce ta samu matsala? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Wayarki lafiyarta ƙalau, 'yar'uwa, yunwa ce. Dubi cinyoyin nama 10 da ke daura da zukata 10. Kowace cinya maki 2 ce, jimla 20. Rauni ba ya warkewa da kansa sai makin ya kai 18, wato cinya 9. Idan ya sauko zuwa 6, cinya 3 ke nan, gudu ya ƙare. In ya ƙare ƙarƙaf sai zukata su fara zuba: a matakin wasa mai sauƙi su tsaya a 5, a matsakaici a bar ki da rabin zuciya, a mai tsanani kuwa har mutuwa.

Kada ki ci ɗanyen nama in akwai murhu kusa. Ɗanyen naman sa maki 3 ne, gasasshe 8. Gasasshen naman tunkiya da na kaza 6 kowanne, burodi 5. Ɗanyen naman kaza da ruɓaɓɓen naman da dodon zombi ke yarwa suna iya jawo ciwon da ke ƙara ƙona ciki, sai dai in babu yadda za a yi. Kuma ki rage gudu haɗe da tsalle ba dalili, yana cinye abinci sosai.

Farauta ba ta ɗorewa, domin dabbobin da aka karkashe a kusa da gida ba sa saurin dawowa. Noma da kiwo su ne maganin abin. Ki dinga dukan ciyawa har irin alkama ya faɗo. Ki haƙa rami ɗaya ki zuba ruwa, domin bulon ruwa ɗaya yana jiƙa ƙasa bulo 4 ta kowane gefe, wato fili tara sau tara, gurbin shuka 80. Kafin ki samu bokiti, yi gonar a bakin kogi. Ki kafta da fartanya, ki shuka, ki kewaye da shinge, kada kuma ki yi tsalle a kai, domin kaftun zai koma ƙasa zalla. Kada a girbe sai kan alkamar ya yi ruwan ƙasa. In da sauran kore, iri kawai za a samu. Alkama 3 burodi ɗaya. Da alkamar a hannu shanu da tumaki za su biyo ki har garke, in kika ba biyu daga cikinsu su haifi ɗa, wanda zai girma cikin minti 20. Kaji kuwa iri suke bi. Ƙashin da dodon ƙwarangwal ya yar kada a raina shi, guda ɗaya yana ba da garin ƙashi 3, takin da ke gaggauta shuka.

TAMBAYA: Wani koren dodo marar hannu ya fashe ya rushe mini rabin gida da rana tsaka. Ba an ce rana tana ƙona su ba? Daga wani makaranci a Kumasi.

AMSA: Zombi da ƙwarangwal ne rana ke ƙonawa, su ma in ba su sami inuwa ko ruwa ko kwalkwali ba. Wanda ya yi maka ɓarna shi ne kirifa, kuma rana ba ta yi masa komai. Ba ya da motsin da za ka ji, sai ya zo daf da kai ka ji "sss", daga nan daƙiƙa ɗaya da rabi ta rage. In ka ji sautin kada ka waiwaya neman inda yake, ka yi gaba a guje. In ka yi nisa zai fasa fashewa. Yaƙinsa sara ɗaya ne, a ja baya, a sake dawowa, kuma nesa da gida.

Amma gyaran na asali shi ne hana su fitowa kusa da kai. Tun sabuntawar 1.18 ta ƙarshen 2021, dodannin nan suna ɓullowa ne kawai inda hasken fitila bai kai ba ko kaɗan. Fitila tana da ƙarfin haske 14, yana raguwa da ɗaya a kowane bulo. Ka kafa ɗaya duk bayan bulo 7 ko 8 a kewayen gida, da cikin ɗakuna, da saman rufi, wurin da kusan kowa ke mantawa. Ka gasa yashi a murhu ya zama gilashi ka yi taga, don ka leƙa kafin ka buɗe ƙofa da safe. Gizo-gizo yana hawa bango, sai a fito da layin bulo ɗaya a saman katanga kamar baki, ya tokare shi. Kirifa yana gudun kyanwa, saboda haka in ka samu ɗaya a ƙauye ka lallashe ta da ɗanyen kifi.

Dogon baƙin nan mai idanu ruwan hoda, endaman, ba ruwansa da kai muddin ba ka kalle shi a fuska ba. In ya taso maka, shiga ƙarƙashin rufi mai tsayin bulo 2, ba zai iya shigowa ba.

TAMBAYA: Na sha wuya na samu daimon, na fasa da diga ta dutse, amma ban ga komai ya faɗo ba. Sannan a ina ake samun ƙarfe? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Sai haƙuri Alhaji, wannan daimon ya tafi. Kowace ma'adini da digarta. Ta katako tana ɗebo dutse da kwal. Ta dutse tana ɗebo tama da tagulla. Daimon da zinariya da redstone, jan garin da ke aiki kamar wayar wuta, sai ta ƙarfe. In ka ga diga tana jan lokaci fiye da kima a kan bulo, ka dakata, alama ce ba tata ba ce.

Ka kunna lambobin wuri. A waya ana kunna su a saitin duniyar, a kwamfuta kuwa maɓallin F3 ne. Lamba ta tsakiya, Y, ita ce zurfi. Bakin teku yana wajen 63, ƙasan duniya -64. Tama, mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ta fi yawa a wajen 16, da kuma can saman manyan tsaunuka. Kwal kuwa na sama ne, a ƙasa da 0 da wuya ka gan shi, don haka ka sauka da guzurinka.

Tama sai an narka ta a murhu, kwal ɗaya yana narka 8. Shawararmu kan ƙarfen farko ita ce: 3 na diga, 1 na garkuwa tare da katako 6, 3 na bokiti. Garkuwa ta riga sulke, domin ƙarfe ɗaya tak ya tare maka kibiyar ƙwarangwal da fashewar kirifa in ta gabanka suka zo. A waya garkuwa tana ɗaguwa ne idan ka danna sanɗa. Cikakken sulke ƙarfe 24 ne, a fara da na ƙirji mai cin 8.

Daimon yana farawa daga ƙasa da 16, yana ƙaruwa da zurfi, ya fi yawa wajen -58. Sai dai daga -55 zuwa ƙasa kusan kowane kogo cike yake da narkakken dutse, kuma shi ba kisa kawai yake yi ba, har kayanka yake ƙonewa. Kada ka taɓa fasa bulon da kake tsaye a kai. Ka sauka da matakala, bulo ɗaya gaba, ɗaya ƙasa. Kada kuma ka fasa na saman kanka kai tsaye, tsakuwa ko yashi na iya zubowa su shaƙe ka. Bokitin ruwa ya zauna a layin hannunka: in ka zuba a kan narkakken dutse sai ya daskare, in wuta ta kama ka ya kashe ta. A can ƙasa ka fafe doguwar hanya mai tsayin bulo 2, ka fitar da rassa kana barin bulo 2 tsakaninsu. In ka ga daimon, fara tone kewayensa ka tabbatar babu wuta a bayansa. Ukun farko na diga ne, mai aiki 1561.

Idan ka tarar da ƙasa ta koma baƙa mai ɗigon shuɗi tana ƙyalli, da wasu abubuwa masu motsi in an yi ƙara, juya da sanɗa ka bar wurin. Dodon da ke fitowa a nan ya fi ƙarfin sabon shiga ko da sulken daimon.

TAMBAYA: Na mutu a kogo, kayana duka suna can, gidan ma na kasa gane hanyarsa. Daga wani ɗalibi a Garwa.

AMSA: Kayan da suka zube minti 5 suke yi su ɓace, amma agogon yana tafiya ne kawai idan kana kusa da yankin. In wurin da nisa, kada ka ruga tsirara ka sake mutuwa. Tsaya ka ƙera takobin dutse, ka ɗauki abinci da fitilu, sannan ka tafi.

Don gaba, ka rubuta lambobin gidanka uku a takarda. X tana ƙaruwa in ka yi gabas, Z in ka yi kudu. Kamfas ba gadonka yake nunawa ba, wurin da ka fara faɗowa duniyar yake nunawa. A kogo ka dinga kafa fitila a bangon dama kaɗai. In za ka fito, su koma hagunka. Akwati katako 8 ne, yana da gurbi 27, duk abin da ba ka buƙata a tafiya ka bar shi ciki. Kuma in ka fasa gadonka ka tafi da shi, wasan ya manta da wurin, sai ka sake kwanciya a wani.

TAMBAYA: Wayata tana zafi, wasan yana sarƙewa. Daga wata makaranciya a Katsina.

AMSA: Shiga saitin hoto ki rage nisan gani zuwa 6 ko ƙasa da haka, ki kashe gajimare da ƙawar ganye da laushin haske. Ki rufe sauran manhajoji, kada kuma ki buga tana caji. Dabbobi da yawa a garke ɗaya suna nauyaya waya, shanu goma sun ishe ki. Wasan mutum ɗaya ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, ki kashe data batir ya huta.