Kano Zuwa Khartum: Amsa Ga Ɗan'uwana Na Gida

Ɗan'uwa, ka tambaye ni awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Khartum, kuma tunda ba nisa, me ya hana mu Hausawan Sudan dawowa gida.

Ta sama, tsakanin biranen biyu kusan kilomita 2,600 ne. In jirgi ya miƙe bai yada zango ba, ya ratsa ta kan Chadi, bai cika kai awa huɗu ba. Agogonmu ya fi naku da awa ɗaya, don haka in ka tashi bayan Azahar, ka sa ran Magariba a nan za ta same ka. Wannan lissafin lokacin zaman lafiya ne. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai aka rufe filin jirgin Khartum, harkar ta koma Port Sudan, sai mutum ya zagaya ta Alƙahira ko Addis Ababa, yini ya ƙare masa a ɗakin jira.

Batun "gida" kuwa, a nan ne nake so ka fahimce mu da kyau. Hanyar nan da jirgi ke cinyewa tsakanin salla biyu, kakanninmu shekaru suka yi a kanta. Kakata, Allah ya jiƙanta, zango-zango take ƙirga ta da yatsu: Maiduguri, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, a haihu, wani a binne shi a nan. Garinmu Mai Wurno, a bakin Nilu kusa da Sinnar, sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Daga baya aikin auduga a Jazira ya riƙe mutane da yawa.

Su ba Sudan suka nufa ba, Makka suka nufa. Shi ya sa har yau tsoho a cikinmu gabas yake kallo. Kakata ta rasu da kuɗinta ƙulle a bakin zane, ba ta taɓa yarda a taɓa su ba ko da ana ciwo a gida, wai na jirgin ruwan Sawakin ne zuwa Jidda. Ka ce mata ta koma Kano, tamkar ka ce ta juya wa alƙibla baya ne.

Hausa muke yi a tsakar gida, Larabci a kasuwa, agashenmu kuma har Larabawa layi suke yi masa. Kabarin iyayenmu na nan, gonakinmu na nan. Kano muna ƙaunarta ƙwarai, ina kuma fatan in zo in ga Dala da idona in hanya ta buɗe, amma da tikitin zuwa da dawowa zan zo. Ka gaida su Baba da mutanen gida.