Windows 10 ta daina samun kulawa: in koma Windows 11 ko in zauna inda nake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Kano, muna taifin, muna cike wa ɗalibai fom a intanet, muna yin katin biki da CorelDRAW. Kwamfutocina uku ne, duk na hannu na saya: Dell Latitude 7490 ɗaya mai Core i5-8350U da RAM 8GB da SSD, sai HP EliteBook 840 G3 guda biyu masu i5-6300U da RAM 4GB da hadis (hard disk). Duk suna kan Windows 10 kuma suna aiki lafiya. Ana ta ce mini in koma Windows 11. Wani mai gyara ya ce zai ɗora mini ita a kan dukkansu ko da sun ƙi. Shin komawar tana da amfani, ko kuwa wahala ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka kawo lambobin injinan, domin amsar tana cikinsu. Dell ɗin ka ɗora mata Windows 11. HP biyun kada ka bari a tilasta musu. Ga dalili.

Microsoft ta fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015, ta kuma janye kulawa da ita ranar 14 ga Oktoban 2025. Janye kulawa ba ya nufin kwamfuta za ta mutu ko takardunka su kulle. Za ta ci gaba da tashi, firinta za ta ci gaba da bugawa. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turowa kowane wata. Kullum masu bincike suna gano wata kafa a cikin Windows wadda ɓarawon intanet zai iya shigowa ta cikinta, kamfanin kuma ya toshe. To Windows 10 da 11 sun yi tarayya a ɓangarori da yawa na gininsu, saboda haka duk ranar da aka toshe wata kafa a Windows 11 kuma aka sanar, masu kutse sun samu labarin inda za su lalubo a Windows 10, inda babu mai toshewa. Wata na farko haɗarin ƙarami ne. Bayan shekara biyu kafofin sun taru.

An ga irin wannan a watan Mayun 2017, lokacin da mugunyar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnati a Ingila suka tsayar da wasu ayyuka. Facin da zai hana ta shiga ya fito tun watan Maris na wannan shekarar, waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su ɗora shi ba. Shago irin naka ya fi kwamfutar gida shiga wannan haɗari, domin filashin mutane daban-daban ne ke shiga injinka kullum, kuma a kansa ake rubuta lambar NIN ta ɗalibai da bayanan katin banki. Amanar mutane ce a hannunka, kuma wannan shi ne dalilin komawa mai nauyi. Sauran abubuwan da ake tallata Windows 11 da su, irin su sabon fasali da jera tagogi gefe da gefe da buɗe shafuka da yawa a File Explorer, suna da daɗi, amma ba za su ƙara maka kwastoma ko ɗaya ba. Kada kuma ka sa ran ƙarin gudu. A inji ɗaya, bambancin saurin Windows 10 da 11 ba abin da za ka lura da shi ba ne a aikin taifin.

Sharuɗɗan Windows 11 a takarda su ne RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, UEFI mai Secure Boot (sabon tsarin tayar da inji mai kariya), TPM 2.0 (ɗan ɓangaren tsaro da ke jikin injin), da firosesa mai 64-bit da ke cikin jerin da kamfanin ya amince da shi. Wannan na ƙarshen ne yake kayar da yawancin kwamfutocin da ke kasuwanninmu. A ɓangaren Intel, jerin ya fara ne daga zubi na 8, a AMD kuma daga Ryzen 2000. Gane zubin ba wuya: dubi lambar da ke bayan ɗan layin. A i5-8350U lambar farko 8 ce, zubi na takwas ke nan, ta tsallake. A i5-6300U 6 ce, zubi na shida, ba ta shiga ba. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, misali i5-1135G7 zubi na 11 ne. Mutane da yawa suna ruɗuwa da sunan i7, suna zaton ya wadatar. Core i7 na zubi na shida ba ya cikin jerin, alhali i3 na zubi na takwas yana ciki.

Don ka tabbatar da idonka, sauke PC Health Check daga shafin Microsoft ka danna Check now, za ta gaya maka sharaɗin da aka cika da wanda aka gaza. Idan a kan Dell ɗin ta yi ƙorafin TPM ko Secure Boot, kada ka karaya, galibi a kashe suke kawai. Danna maɓallin Windows da R, rubuta tpm.msc, ka duba Specification Version, ana son 2.0. Sannan rubuta msinfo32 ka duba BIOS Mode. In ka ga UEFI, madalla. In ka ga Legacy, wanda ya ɗora maka Windows ne ya bi tsohuwar hanya, kuma hakan ya zama ruwan dare a injinan da aka yi wa fomatin a kasuwa. Gyaransa shi ne a buɗe Command Prompt a matsayin administrator, a rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amsa lafiya sai a rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan a sake kunna injin a shiga BIOS, wato saitin tushe na injin, da F2 a mayar da shi UEFI a kunna Secure Boot. Jerin nan yana da muhimmanci. Wanda ya juya BIOS zuwa UEFI kafin ya sauya tsarin ma'ajiyar, kwamfutar za ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, sai ya mayar da saitin yadda yake.

Kafin ka taɓa Dell ɗin, akwai abin da ya fi Windows ɗin kanta muhimmanci a sana'arka, wato firinta da sikana. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera su, ka nemi lambar samfurinka, ka ga ko akwai direban Windows 11. In babu, duba ko akwai na Windows 10 mai 64-bit, domin yawancinsu suna aiki a kan 11 ba gardama. Inda ake samun cikas shi ne tsofaffin na'urorin da direbansu 32-bit ne kawai, saboda Windows 11 ba ta da zubin 32-bit sam. Akwai kuma wani saitin tsaro mai suna Memory integrity da ke ƙin wasu tsofaffin direbobi, sai ka ga sikana ta ɓace ba dalili. Haka na'urar ɗaukar zanen yatsa, in kana amfani da ita. Shi ya sa ba a sauya dukkan injinan shago rana ɗaya. A fara da ɗaya, a yi mako guda ana aiki da ita, sauran suna nan a matsayin madogara.

Maganar CorelDRAW da Office, in na asali ne masu lasisi, za su biyo ka cikin sabuwar Windows yadda suke. In kuwa irin waɗanda aka fasa ne, ka sani cewa komawar tana iya kashe rajistarsu, kuma Defender, manhajar tsaro ta Windows, tana yawan goge ƙananan manhajojin da ake fasa su da su. Gara ka san matsayinka tun yanzu da ka gano ranar da mai katin biki yake tsaye a kanka. Ita kanta komawar kyauta ce ga wanda Windows 10 ɗinsa take da rajista ta gaskiya, Home ta koma Home, Pro ta koma Pro. Injinan ofis irin Latitude yawanci lasisinsu yana cikin allon injin tun daga masana'anta.

Ranar aikin, fara da kwafe duk fayilolin kwastomomi da salon haruffa (font) da ka tara zuwa hadis na waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Ka bar fili kamar 30GB a C. Hanya mafi sauƙi ita ce Settings, Update & Security, Windows Update, in tayin ya bayyana. In bai bayyana ba, sauke fayil ɗin ISO, wanda ake ɗora Windows 11 da shi, daga shafin Microsoft, nauyinsa ya haura 5GB, don haka ka tanadi data kamar 10GB har da sabuntawar da za ta biyo baya. Danna ISO ɗin sau biyu, buɗe setup.exe, ka zaɓi Keep personal files and apps. A kan SSD aikin yakan ɗauki minti 40 zuwa awa ɗaya da rabi, injin zai mutu ya tashi sau da yawa. Batirin kwamfutar hannu ta biyu ba abin dogaro ba ne, saboda haka ka yi aikin a kan inbata ko janareta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana cikin manyan abubuwan da ke barin inji yana zagaye bai tashi ba.

Bayan an gama kana da kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 ta Settings, System, Recovery, Go back. Wannan dama ta dogara ne da wani folda mai suna Windows.old, kada ka goge shi don neman fili, kada kuma ka bar manhajar share datti ta taɓa shi. A cikin kwanakin nan ka gwada komai: bugu gaba da baya, sikanin, shafukan da kake cike fom, da allon rubutun Hausa in kana buga ƙ da ɗ da ɓ. In maɓallin Start da ya koma tsakiya yana rikita yaran shago, ana mayar da shi hagu a Taskbar behaviors.

Wani abu da nake so ka riƙe da kyau shi ne BitLocker. Daga zubin 24H2, idan aka ɗora Windows 11 sabuwa fil aka shiga da asusun Microsoft, tana iya kulle ma'ajiyar da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Kullewar kariya ce in an sace injin. Amma ranar da aka sauya allon inji ko aka taɓa saitin BIOS, za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, kuma mabuɗin yana cikin asusun da aka shiga da shi. In mai gyara ne ya shiga da nasa asusun don ya gama da sauri, fayilolinka suna hannun wanda wataƙila ba za ka sake gani ba. Ka shiga da asusunka, ka nemo mabuɗin, ka buga shi a takarda ka adana a gida.

Yanzu HP biyun. Abin da mai gyaran ya faɗa gaskiya ne, ana iya ɗorawa. Manhajar Rufus tana haɗa filashin da ke tsallake binciken TPM da Secure Boot da RAM, kuma Windows 11 za ta tashi a kan i5-6300U. Matsalar tana gaba. Microsoft ta faɗa a fili cewa injin da bai cika sharaɗi ba ba shi da tabbacin samun sabuntawa. A aikace facin wata-wata yakan zo, amma babban zubin shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake kula da shi. Ma'ana duk bayan lokaci sai ka sake komawa wurin mai gyara, in ka manta kuma ka koma gidan jiya, kana kan Windows marar faci kana zaton kana cikin tsaro. Ƙari a kan haka, RAM 4GB da hadis mai juyawa ba za su ɗauki Windows 11 da Chrome da CorelDRAW a lokaci guda ba. Ga mai gwaji a gida ba laifi. Ga injin da ake cin abinci da shi, ban ba da shawara ba.

Abin da ya fi musu shi ne shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda Microsoft ta sanar a 2025 cewa zai ba Windows 10 zubin 22H2 facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Rubuta winver ka ga zubinka. Ga masu amfani na ƙashin kai ana shiga ta hanya uku: biyan dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka haɗa saitin injin da asusun Microsoft ta Windows Backup. Na kamfanoni daban ne, yana farawa daga dala 61 kan kowane inji kuma yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Defender da burauzar Edge za su ci gaba da samun sabuntawa a Windows 10 har Oktoban 2028, sai dai wannan ba ya toshe kafofin da ke jikin Windows ɗin kanta. Sauran manhajoji ma a hankali za su janye. Windows 7 ta rasa kulawa a Janairun 2020, Chrome ta bar ta a farkon 2023.

Idan wa'adin ya ƙare, raba musu aiki. Ɗaya ka cire ta daga intanet gaba ɗaya, ta zama ta taifin da zane da bugu, ana binciken kowane filashi a kan Dell kafin a soka mata. Duk abin da ya shafi banki da fom da kalmar sirri ya koma kan Dell. Ɗayar kuma, in aikinta shiga intanet ne kawai, Linux Mint 22, wata madadin Windows, tana tafiya da kyau a irin wannan inji kuma tana da kulawa har 2029, sai dai CorelDRAW da Microsoft Office na ɗorawa ba sa aiki a kanta kai tsaye, kuma sai ka gwada firintarka tukuna. Ana iya tayar da ita daga filashi a gwada ba tare da an goge komai ba.

In kana da ɗan kuɗin kashewa a kansu yanzu, sa musu SSD 256GB ka ƙara RAM zuwa 8GB. 840 G3 tana da ramin DDR4 biyu, kuma wannan gyara zai ba ka saurin da babu wata Windows da za ta ba ka. In kuwa za ka shiga Farm Centre ko titin Beirut neman madadinsu, kada ka tsaya a kan sunan samfuri. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 da Latitude 7490 yawancinsu zubi na takwas ne, amma akwai waɗanda aka fitar da firosesa na zubi na bakwai. Ganin Windows 11 a kan allo ma ba hujja ba ne, tunda ana tilasta ta. Ka sa a kunna injin a gabanka, ka buɗe Settings, System, About, ka karanta lambar firosesar da kanka kafin ka biya.