Ku Tambaya Mu Amsa: Na gaji faya-fayan CD 300, iPod mai giga nawa zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni direba ne, ina ɗaukar kaya daga Kumasi zuwa Tamale wani lokaci har Bolga. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana faya-fayan CD cike da akwati biyu, na ƙirga sun kai 300, akwai hailaif na da, akwai waƙoƙin Hausa da yake sa a kawo masa daga Kano, ga na bege ga karatun Alƙur'ani, sannan kusan 40 na tafsiri ne irin wanda faifai ɗaya sai kayi kwanaki kana saurare bai ƙare ba. Ƙanena yana da laftof yace zai juye min su. A Adum wani ya nuna min iPod, ƴar na'urar nan ta sauraron waƙa, hom-yus wato na hannu, guda uku, mai giga 30 da mai 80 da mai 160, yace in ɗauki 160 don shi kaɗai zai ɗauke duka, amma kuɗinsa ya kusa ninka na 80. Dan Allah giga nawa nake buƙata? Kuma sayen tsohon abu irin wannan ba asara bane? Wayata kullum a cike take, ga kira yana katse min sauraro.

Ɗan'uwanku daga Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, kai kuma Allah ya tsare hanya. Naji daɗin wannan tambaya wallahi, don akwatuna irin naku suna nan da yawa a gidajen Zango ana barinsu ƙarƙashin gado har laima ta cinye su, kuma akwai abubuwan da ke ciki da ba za ka taɓa samu a intanet ba.

Mu fara da lissafi tunda shi ne mai kayan bai yi maka ba. Faifan CD na sauti baya wuce minti 80, yawanci ma minti 50 zuwa 70 ne, to mu ɗauka awa ɗaya ɗaya. Idan ƙanenka ya juye shi yadda yake ba a matse ba, wato WAV, duk minti ɗaya yana cin kusan mega 10, kaga faifai ɗaya mega 600 kenan, faifai 260 sai ya tasam ma giga 156, ko mai 160 ɗin ba zai ɗauka ba saboda abinda za ka gani a ciki bai fi giga 148 ba. Haka suke dukkansu, mai 80 yana baka wajen 74, mai 30 kuma 27 da 'yan kai. Ba cuta bace, yadda kamfani ke ƙirga giga ne ya bambanta da yadda kwamfuta ke ƙirgawa. Amma idan ya matse su zuwa MP3 sai labari ya canza gaba ɗaya. MP3 yana da lambar ingancin sauti da ake zaɓa, a 128 minti ɗaya mega 1 ne kusan, a 192 mega ɗaya da rabi, a 256 kusan mega 2, a 320 wanda shi ne ƙarshen MP3 mega 2.4. Ni 256 nake baka shawara, a cikin mota da ƙarar inji da iska babu kunnen da zai bambance shi da faifan asali. A haka faifai ɗaya mega 115 ne, 260 ɗinka giga 30 kenan.

Ka lura nace 260 ban ce 300 ba. Waɗannan 40 na tafsiri da kace faifai ɗaya yana kwanaki bai ƙare ba, ba faifan sauti bane irin sauran, MP3 ne tun asali aka zuba a ciki, shi yasa yake ɗaukar awanni masu yawa. Su ba a juye su, kwafa kawai ake yi kamar yadda ake kwafar hoto daga filas, kuma kar ƙanenka ya sake matse su don muryar malam za ta dishe a banza. Kowanne zai iya kaiwa mega 700 in an cika shi, 40 ɗin giga 28 kenan, wato su kaɗai sun kusa cin abinda sauran 260 suka ci. Anan ne mutane ke faɗawa, su ƙirga faifai da guda guda su manta ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Haɗa 30 da 28, giga 58. To mai 30 ya fita daga lissafi, mai 80 zai ɗauke komai har ya bar maka wajen giga 15 na ƙari, cikakken karatun Alƙur'ani na awa 30 a 128 bai kai giga 2 ba, kaga akwai sauran fili. Mai 160 sai in kana da niyyar zuba na abokai da na maƙwabta.

Sai dai gaskiya ni ba girman bane yake damuna da wannan ciniki, shekarun ne. Kamfanin Apple ya daina yin iPod Classic, wato irin waɗannan da aka nuna maka, tun watan Satumba 2014. Mai giga 30 ɗin nan yawanci na 2005 ko 2006 ne, mai 80 in fuskarsa roba ce mai ƙyalli na 2006 ne, in ƙarfe ce mara ƙyalli na 2007 ne, mai 160 kuma iri biyu ne, mai kauri na 2007 da siriri na 2009. Duk wanda ka ɗauka ya haura shekara goma a duniya. Kuma abinda ke ciki ba memori bane irin na waya, ƙaramin had-disk ne mai inci 1.8, faranti ne yake juyawa da gudu ana karanta shi da wani ɗan hannu siriri, kamar garmaho dai a ƙanƙance. Faɗuwa ɗaya yana cikin juyawa ta isa ta lalata shi, kuma ba ka san sau nawa ya faɗi a hannun mai shi na farko a Turai ba. Ga ka kuma direba, ramukan hanya da jijjiga kullum.

Don haka kar ka biya sai ka gwada a gabansa, kuma akwai gwajin da na'urar da kanta take yi wanda masu sayarwa da yawa ma basu san shi ba. Danna Menu da maɓallin tsakiya tare ka riƙe har ta mutu ta nuno tambarin Apple, da ganin tambarin sai ka koma riƙe na tsakiya da na komawa baya, za ta shiga wani shafi na gwaji. Danna Menu, shiga IO, shiga HardDrive, sai HDSMARTData. Layi biyu nake so ka duba, Reallocs da Pending Sectors. Na farkon yana gaya maka guraren da suka lalace a farantin aka kauce musu, na biyun kuma waɗanda ake zargi suna kan hanyar lalacewa. In duka sifili ne ko na farkon 'yan kaɗan ne, Alhamdulillahi. In kaga ɗaruruwa ko dubbai, ajiye masa abinsa ko da ya rantse jiya aka sauke shi daga kwantena. Akwai kuma PowerOn Hours da ke nuna awa nawa ya yi yana aiki a rayuwarsa. Bayan nan ka fito ka kara shi a kunne kana tsallake waƙoƙi da sauri, ɗan zuuu na juyawa daidai ne, amma in kaji ƙat ƙat ƙat yana maimaitawa ko waƙa tana tsayawa tana tsalle da kanta, ciwo ne.

Batir ma ka ɗauka ya gaji. Sabo fil Apple tace na 2009 yana awa 36 yana kiɗa, tsoho yanzu in ya baka biyar ka gode, wannan ba matsala bace sosai tunda kana iya jona shi a mota kuma ana canza batirin. Abinda za ka duba shi ne kumburi, in bayansa ya taso ko gefe ya buɗe ko kaga wani baƙin tabo a sikirin kamar an danna daga ciki, batir ne ya kumbura. Je da iyafis ɗinka ka gwada ramin, ka ɗan murɗa kaji ko kunne ɗaya yana ɗaukewa. Ka tabbatar ya haɗa maka da wayar cajinsa mai faɗin baki ɗin nan mai fil 30, don ba irin ta wayoyin yanzu bace. Kuma babu bulutut a jikinsa ko kaɗan, in rediyon motarka bashi da ramin jona wayar sauti, wato AUX, sai ka nemi ɗan abin da ke tura sauti ta FM.

In da hali ƙanenka ya biyo ka da laftof ɗin a jona a gani. Wanda aka yi amfani da shi a Mac, Windows ba za ta karanta shi ba sai an goge shi an sake saitawa da iTunes, manhajar Apple ta zuba waƙa a iPod, ba abin tsoro bane, ai dama gogewa za kayi, kuma gogewar kanta gwaji ce, had-disk mai ciwo sau da yawa anan yake tona kansa.

Wani abu da zai sa in fi karkata ga mai 80 in mai fuskar roba ne, ya fi sauƙin buɗewa. Ranar da had-disk ɗin ya mutu, kuma zai mutu, akwai ɗan allo da ake sakawa a gurbinsa mai ɗaukar memori, wanda aka fi sani shi ne iFlash, daga nan babu abin juyawa babu tsoron rami, batir ma ya ƙara daɗewa. Masu fuskar ƙarfe buɗe su wahala ne, mai gyaran da bai saba ba sai ya lanƙwasa bayan, sannan na 2007 da 2008 ba sa ganin sama da giga 128 ko ka saka musu memori babba, na 2009 ne baya da wannan iyakar.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina, kuma dan Allah ka karanta wa ƙanenka. iPod ba ma'aji bane, abin saurare ne. Faya-fayan Baba, musamman waɗanda aka buga a shago masu shuɗin ko koren baya da aka rubuta suna da maka, suna mutuwa a hankali, zafi da laimar Kumasi suna cin fentin da sautin ke kai, ka ɗaga ɗaya a rana in kaga ƙananan huji haske na ratsawa to ya fara. Wataƙila wannan juyewar ita ce ta ƙarshe da wasunsu za su yarda. Saboda haka ya yi ta sau ɗaya da kyau, ya fara da na shagon kafin na kamfani, ya goge kowanne da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki ba zagaye ba, ya kunna gyaran kuskure a saitin iTunes ko ya yi amfani da Exact Audio Copy wanda kyauta ne. Ya ajiye na asali a Apple Lossless ko FLAC, waɗannan suna rage girma kusan rabi ba tare da an zubar da komai na sautin ba, duka ba za su wuce giga 100 da wani abu ba, a zuba su a had-disk na waje a ajiye a gida, in so samu ne kwafi biyu ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Daga su sai a fitar da MP3 na hanya. FLAC dai iPod baya karanta shi sai an saka masa wata manhaja Rockbox, kar wannan ya ruɗa ku. Kuma ya daure ya rubuta sunan mawaƙi ko malami da lambar karatu tun yana juyewa, na kamfani intanet kan kawo sunayen da kanta amma namu na gida sai dai kaga Track 01 guda ɗari biyu, kana tuƙi kana neman tafsirin rana ta goma sha biyu.

Shin asara ce? In gwajin ya fito lafiya kuma farashin bai wuce hankali ba, a'a, ɗauki mai 80. In babu wanda ya tsallake cikin ukun, tsohuwar waya mai ramin memori ba tare da layi ba da memori mai giga 128 na gaske za su yi maka aikin nan tsaf, babu kiran da zai katse ka. Ka dai kiyayi memori na jabu mai araha, cika shi da kaya ka gwada kafin ka yarda da lambar da ke jiki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da iPod tun ina makaranta, duk waƙoƙin bikina da karatun da nake so suna ciki, kwamfutar da aka zuba su da ita ta daɗe da mutuwa. Yanzu ya fara wani ƙara yana tsayawa, wani yaro yace in kawo ya yi min risto. In bashi?

'Yar'uwarku daga Asawase

AMSA: Hajiya kar ki bashi tukuna, risto gogewa ce, komai zai tafi. Kuma ki daina kunna shi haka kawai, duk juyawar da yake yi yanzu ƙara masa ciwo take. A cika shi da caji a jona a kwamfuta, in iTunes ta buɗe tana tambayar a goge a daidaita a ce a'a. In kwamfutar bata gan shi ba, a riƙe Menu da na tsakiya har tambarin Apple ya fito, sai a riƙe na tsakiya da Play, zai shiga yanayin da yake zama kamar filas. A Windows a kunna nuna ɓoyayyun fayil, za a ga wata folda iPod_Control, a cikinta akwai Music, ita za a kwafe dukkanta. Sunayen za su fito a hargitse haruffa huɗu huɗu, kar hankalinki ya tashi, sunan gaskiya yana cikin kowace waƙa, da an zuba su a iTunes ko wata manhajar kiɗa zai dawo. In kwafar ta tsaya a wani fayil a tsallake shi a ci gaba, a kwashe abinda ya samu tukuna, kuma ayi lokacin da laftof ke da caji sosai kar ɗauke wuta ya katse aikin a tsakiya. Bayan kin ga waƙoƙinki suna kunnuwa a wani wuri, sannan yaron ya yi risto ko a canza had-disk ɗin da memori.