Likita, ina shan maganina amma tari ya ƙi barina

Tambayoyin wannan makon duk sun shafi cututtukan da ke samun kafa idan HIV ta raunana garkuwar jiki. Su ne ke kwantar da mutum, kuma yawancinsu suna da magani idan an zo da wuri.

Tambaya: Likita, wata 2 ke nan da na fara shan maganin HIV, amma tari ya ƙi barina, da dare kuma gumi kan jiƙa min riga sharkaf. Ko maganin bai karɓe ni ba?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka ajiye maganinka. Tari da gumin dare, balle in akwai rama ko zazzaɓi, tarin fuka muke fara zargi, domin a duniya babu cutar da ta kai shi kashe masu HIV. Sau da yawa yana nan kwance a jiki, sai garkuwa ta fara farfaɗowa sannan ya fito fili. Ka je asibiti a gwada kakinka da na'urar GeneXpert. In an same shi, maganin wata 6 ne, kuma ana warkewa sarai. Sai dai ka tabbatar mai ba ka maganin ya san kana shan na HIV, saboda rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka na rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan HIV, a jini, shi ya sa ake ƙara ƙwayar dolutegravir ta biyu bayan awa 12. In kuwa ba a samu komai ba, ka nemi a ba ka na rigakafi. Akwai isoniazid na kullum har wata 6, akwai kuma na sau ɗaya a mako har wata 3.

Tambaya: Maigidana ya bar shan magani kusan shekara guda. Yau kwana 10 yana fama da ciwon kai, ga amai, ba ya son haske, jiya ma sai da ya kasa gane ƙaninsa.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba abin jira ba ne, a kai shi asibiti yau ɗin nan. Ina tsoron sanƙarau ne irin wanda ke kama mutum idan ƙwayoyin CD4, wato ƙwayoyin jini masu kare jiki, sun yi ƙasa da 200 a gwaji, musamman ƙasa da 100. Za a gwada jininsa, sannan a ɗebi ruwa ta ƙashin baya. Na san dangi kan firgita da jin wannan allurar, har su ce a mai da marar lafiya gida. Ki tsaya tsayin daka ki amince. Ɗibar ruwan na rage matsin da ke cikin kai, na sha ganin wanda ke juyi don azaba ya samu barci bayan an yi masa. Kada kuma ki ɗauko tsofaffin ƙwayoyinsa ki ba shi. A irin wannan sanƙarau ana jira mako 4 zuwa 6 kafin a koma kan maganin HIV, likitoci ne za su faɗi ranar.

Tambaya: Lafiyata ƙalau, me ya sa ake haɗa min maganin HIV da wata ƙwaya mai suna Septrin?

Amsa: Kariya ce, Malama. Tana tare wani mugun ciwon huhu, da wata cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa, da gudawa, har da zazzaɓin cizon sauro. Ki ci gaba da sha har sai likitanki ya ce ya isa. Amma in ƙuraje suka feso miki, ko leɓe da ido suka fara gyambo, ki dakatar da ita nan take ki je a duba ki.